Adamou Moumouni Djermakoye: daga barikin Damagaram zuwa gangamin kare tsarin mulki

Sau huɗu Adamou Moumouni Djermakoye ya nemi shugabancin Nijar, kuma ko sau ɗaya bai kai zagaye na biyu ba. Mafi yawan abin da ya taɓa samu shi ne kashi 15.24 cikin ɗari, a zaɓen 1993. Duk da haka, da wuya a ba da labarin mulkin Nijar daga 1974 zuwa 2009 ba tare da an ci karo da sunansa a kowace kwana ba. Yana cikin hafsoshin da suka kifar da gwamnatin farar hula ta farko. Shi ya fara shugabantar majalisar dokoki bayan an buɗe ƙofar jam'iyyu barkatai. A wurin gangamin kare kundin tsarin mulki ne kuma ajalinsa ya riske shi, yana adawa da tsohon abokinsa na soja, Tandja Mamadou.

Ɗan sarauta a cikin kaki

An haife shi ran 22 ga watan Mayu 1939 a Dosso, a gidan sarautar Zarmakoy. Kalmar Djermakoye da ke jikin sunansa ita ce wannan sarauta, yadda Faransawa suka rubuta ta. Tun farkon zuwan Turawan mulkin mallaka gidan Dosso ya zamo ɗaya daga cikin manyan masarautun yammacin ƙasar, 'ya'yansa da dama suka yi karatun boko da wuri, suka shiga aikin gwamnati da na jakadanci. Adamou shi aikin soja ya zaɓa tun yana saurayi. Ya taso cikin sahun farko na hafsoshin rundunar da Nijar ta kafa bayan samun 'yancin kai a 1960, runduna ƙarama wadda kusan kowane hafsa ya san kowa a cikinta.

Wannan asali ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Ya ba shi tushe a Dosso wanda babu zaɓen da ya girgiza shi. Shi ne kuma ya zame masa iyaka daga baya, domin abokan hamayya ba su daina nuna jam'iyyarsa a matsayin ta yanki guda ba.

Daren 15 ga Afrilu 1974

A farkon shekarun 1970 fari ya yi wa yankin Sahel kamun kazar kuku. Dabbobi sun mutu, makiyaya da manoma sun yi ta kwarara zuwa bakin garuruwa neman abinci. Gwamnatin shugaba Diori Hamani, wadda ke mulki da jam'iyya guda ta PPN-RDA tun 1960, ta sha zargin cewa wasu manyanta suna karkatar da hatsin agaji. A lokaci guda tana ja-in-ja da Faransa kan farashin yuraniyom na Arlit. Shugaban Faransa Georges Pompidou ya rasu ran 2 ga watan Afrilu 1974, hankalin Paris ya koma kan wanda zai gaje shi.

Cikin wannan hali ne babban hafsan sojoji, Laftanar-Kanar Seyni Kountché, ya shirya juyin mulki a hutun bukin Ista. Djermakoye a lokacin kyaftin ne a Damagaram, bai cika shekara 35 ba. Shi ya taso da dakaru daga can, Kyaftin Ali Saibou kuma ya taso da nasa daga Agadez. Kafin gari ya waye ran Litinin 15 ga wata, mulkin Diori ya faɗi. A fadar shugaban ƙasa aka yi musayar wuta, inda uwargidan shugaban, Aïssa Diori, ta rasa ranta tare da wasu mutane. Sojoji sun dakatar da tsarin mulki, sun rusa majalisa, sun haramta jam'iyyu, suka kafa Majalisar Ƙoli ta Soja, wato CMS. A cikin mambobinta akwai Djermakoye, akwai kuma wani matashin hafsa ɗan Maïné-Soroa mai suna Tandja Mamadou.

Djermakoye bai taɓa nesanta kansa da wannan dare ba. A 2005, yana dattijon siyasa, ya wallafa littafi da Faransanci kan juyin mulkin, inda tun daga bangon littafin ya kira kansa abokin tafiyar Kountché.

Fuskar gwamnatin soja a waje

Mako guda bayan juyin mulkin aka naɗa shi ministan harkokin waje, ya riƙe muƙamin har watan Satumba 1979. Aiki ne mai wuya. Sabuwar gwamnati tana buƙatar hatsi da kuɗi daga waje, tana kuma son nuna cewa ba 'yar amshin shatar kowa ba ce. A watannin farko ta sallami dakarun Faransa da ke girke a ƙasar, amma ta ci gaba da cinikin yuraniyom da Faransar. A watan Yuli 1974 Nijar ta ƙulla hulɗar jakadanci da Jamhuriyar Jama'ar Sin. A watan Mayu 1975 tana cikin ƙasashe 15 da suka kafa ƙungiyar CEDEAO a Legas. A arewa kuma ga Libiya ta Gaddafi, maƙwabciyar da dole a yi taka-tsantsan da ita. Duk wannan a zamaninsa ne a ma'aikatar.

Daga nan ya koma ma'aikatar matasa, wasanni da al'adu. Ba ƙaramin wuri ba ne a tsarin Kountché, tun da ta hanyar ƙungiyoyin Samariya, da gasar kokowar gargajiya, da bukin matasa na ƙasa ne gwamnatin da ta hana jam'iyyu take isa ga talakawa. A 1981 ya zama ministan lafiya da jin daɗin jama'a har farkon 1983, sannan aka tura shi ya shugabanci jihar Damagaram, muƙamin da a wancan zamani ake kira prefe.

Tsawon zamansa kusa da Kountché abin lura ne, don da yawa daga cikin abokan 15 ga Afrilu ba su kai labari ba. An kama mutum na biyu a gwamnatin, Sani Souna Sido, a 1975, ya mutu a tsare. An yi yunƙurin juyin mulki a 1976 da 1983. Mulki ne da mutane ke tunawa da shi saboda tsare gaskiya wajen dukiyar ƙasa da kula da rumbunan hatsi, suna kuma tunawa da 'yan leƙen asiri da tsare mutane ba shari'a. Diori ya shafe shekaru a tsare, Djibo Bakary ma haka. Djermakoye yana cikin wannan gwamnati daga farkonta har ƙarshenta, don haka yana da kaso a yabonta, yana da kaso a laifinta.

Rabuwa da Tandja

Kountché ya rasu a Paris ran 10 ga watan Nuwamba 1987, Ali Saibou ya gaje shi, ya shigo da siyasar sassauci. A 1988 aka tura Djermakoye jakada a Amurka da Majalisar Ɗinkin Duniya. A shekarar ce kuma aka tura Tandja jakada a Najeriya. Manyan hafsoshi biyu da ake jin nauyinsu a cikin gida suka samu kansu a waje lokaci guda.

Yana Washington abubuwa suka sauya a gida. An kafa jam'iyyar gwamnati guda ɗaya, MNSD. Ran 9 ga watan Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy da ke Yamai. A watan Mayu aka yi kashe-kashen Tchintabaraden. Ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai suka matsa lamba har gwamnati ta amince da jam'iyyu da yawa, aka kira babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, wanda ya ƙwace iko daga hannun Ali Saibou ya kafa gwamnatin riƙon ƙwarya.

Djermakoye ya dawo gida a 1991, ya ajiye kaki da muƙamin kanar, ya nemi shugabancin MNSD-Nassara. Tandja ma ya nema. Tun daga 1960 shugabannin ƙasar uku duka 'yan yamma ne, kuma wannan magana ta yi ƙarfi a bakin sababbin jam'iyyu. Da yawa a cikin MNSD suka ga cewa idan tsohuwar jam'iyyar gwamnati tana son tsira a akwatin zaɓe, sai ta fito da wanda ba za a jingina shi da yamma ba. Tandja ɗan jihar Diffa ne, ya yi mulkin Maradi da Tawa, yana da jama'a a ƙasar Hausa. A watan Nuwamba 1991 jam'iyyar ta zaɓe shi, Hama Amadou ya zama babban sakatare.

Djermakoye bai zauna ba. Magoya bayansa suka fara haɗuwa a wata ƙungiyar abokansa mai suna CAMAD, wadda a 1992 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar ANDP-Zaman Lahiya. Kamar sauran manyan jam'iyyun lokacin, Nassara da Rahama da Tarayya, laƙabin da Hausa aka raɗa shi, ko da yake ƙarfinta a ƙasar Zabarma yake.

Kujeru 11 da suka sauya mulki

Zaɓen 1993 shi ne ƙololuwar tasirinsa. A zaɓen 'yan majalisa na watan Fabrairu, MNSD ta samu kujeru 29 cikin 83, CDS-Rahama 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP 11. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, ran 27 ga Fabrairu, Tandja ya zo na ɗaya da kashi 34, Mahamane Ousmane na biye da kashi 26 da ɗoriya, Mahamadou Issoufou ya samu kusan kashi 16, Djermakoye ya zo na huɗu da 15.24.

Lissafin a fili yake. Ƙawancen canji na AFC, wanda ANDP ta shiga, ya tara kujeru 50, ɓangaren MNSD yana da 33. Da kujeru 11 na Zaman Lahiya sun koma gidansu na asali, da rinjaye ya juya, 44 da 39. Da an haɗa ƙuri'un Djermakoye da na Tandja, da sun kusa kai rabi tun zagayen farko. Ficewarsa ce ta hana tsohuwar jam'iyyar gwamnati komawa mulki. A zagaye na biyu, ran 27 ga Maris, Mahamane Ousmane ya yi nasara da kashi 54, ya zama zaɓaɓɓen shugaba na farko a zaɓen da jam'iyyu suka kara, abin da ya sa har yau ake ce masa Nafarko.

Ƙawancen ya raba muƙamai uku: Ousmane a fadar shugaban ƙasa, Issoufou firaminista, Djermakoye shugaban majalisar dokoki. An zaɓe shi a watan Afrilu, MNSD ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta soke zaɓen, aka sake shi a watan Mayu ya sake samu. Mutumin da shekara 19 baya yana cikin waɗanda suka rufe majalisa da bindiga, yanzu sai da ya jira hukuncin alƙalai kafin ya tabbata a kujerar shugabanta.

Zaman bai daɗe ba. A watan Satumba 1994 Issoufou ya ajiye aiki, PNDS ta fice daga AFC ta haɗa kai da MNSD. Shugaba Ousmane ya rasa rinjaye, ya rusa majalisa a watan Oktoba, kujerar Djermakoye ta tafi da ita. A zaɓen Janairu 1995 ANDP ta koma kujeru 9, 'yan adawa suka yi rinjaye, Hama Amadou ya zama firaminista. Shekara guda aka yi ana zaman doya da manja tsakanin shugaban ƙasa da firaminista, har Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki ran 27 ga Janairu 1996.

Shekarun sauya sheƙa

A nan ne masu sukar Djermakoye suka fi samun abin faɗa. Ya tsaya takara a zaɓen 7 da 8 ga Yuli 1996, wanda ana tsakiyarsa Baré ya rusa hukumar zaɓe ta CENI ya naɗa wata. An yi wa 'yan takara huɗu na farar hula ɗaurin talala a gidajensu, har da shi. Sakamakon da aka bayyana ya ba Baré kashi 52, Djermakoye ya zo na ƙarshe da 4.77. Sauran ukun, Ousmane da Tandja da Issoufou, suka kafa ƙawancen adawa suka ƙaurace wa zaɓen 'yan majalisa na watan Nuwamba. Shi kuwa ya amince da sakamakon, ANDP ta shiga zaɓen ta samu kujeru 8, ta mara wa Baré baya. A watan Afrilu 1998 ya sanar da raba gari da shi, bisa ƙorafin cewa an mayar da jam'iyyarsa saniyar ware.

Bayan masu gadin Baré sun harbe shi a filin jirgin saman Yamai ran 9 ga Afrilu 1999, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Daouda Malam Wanké ta ɗora Djermakoye a kan majalisar ba da shawara ta ƙasa. A zaɓen Oktoba 1999 ya zo na biyar da kashi 7.73, ya goyi bayan Issoufou a zagaye na biyu. Wannan karon goyon bayansa bai wadatar ba: Ousmane ya bi Tandja, Tandja ya ci da kusan kashi 60. ANDP ta tsira da kujeru 4, ta zauna a ɓangaren adawa.

A 2002 ya sake juyawa. ANDP ta shiga ɓangaren masu rinjaye, a watan Nuwamba Tandja ya ba shi muƙamin babban minista mai kula da haɗin kan Afirka da shirin NEPAD. Shekara 11 bayan rabuwarsu, tsofaffin hafsoshin biyu suka sake zama a teburi ɗaya. A zaɓen 2004 ya samu kashi 6.07, ya mara wa Tandja baya a zagaye na biyu, jam'iyyarsa ta samu kujeru 5 cikin 113. A watan Mayu 2005 aka zaɓe shi shugaban babbar kotun da tsarin mulki ya tanada don shari'ar shugaban ƙasa da ministoci, wadda 'yan majalisa ke zama a cikinta.

Idan aka jera su, ya yi tafiya da Ousmane, da Baré, da Issoufou, da Tandja. Masu suka na cewa duk inda mulki ya karkata can Zaman Lahiya take. Magoya bayansa na cewa sunan jam'iyyar shi ne manufarta, kuma ƙaramar jam'iyya a tsarin zagaye biyu ba ta da jari sai ƙawance. Alƙaluma dai sun nuna farashin da ya biya: daga kashi 15 zuwa 6, daga kujeru 11 zuwa 5.

Tazarce

Kundin tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade wa shugaban ƙasa wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, ya kuma hana a taɓa wannan tanadi. Wa'adin Tandja na biyu zai ƙare a watan Disamba 2009. Tun ƙarshen 2008 magoya bayansa suka fara kiran tazarce, suna cewa a bar shi ya kammala manyan ayyukan da ya fara: madatsar ruwa ta Kandadji, man fetur na Agadem da matatar Damagaram, ma'adinin yuraniyom na Imouraren, da gada ta biyu a Yamai. A watan Mayu 2009 gwamnati ta bayyana shirin ƙuri'ar raba gardama kan sabon kundi da zai ƙara masa shekara uku.

Ran 25 ga Mayu Kotun Tsarin Mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye, ta ba da ra'ayin cewa shirin ya saɓa wa doka. Washegari Tandja ya rusa majalisar dokoki. Ran 12 ga Yuni kotun ta soke dokar da ta kira ƙuri'ar.

Djermakoye yana da dalilai da yawa na yin shiru. Shekararsa 70, jam'iyyarsa ta shekara bakwai a ɓangaren gwamnati, wanda ke neman tazarcen kuma abokinsa ne tun daren 15 ga Afrilu. A sauye-sauyensa na 1996 da 2002 wajen mai mulki ya nufa. Wannan karon ya bar mai mulki ya koma wajen waɗanda ke kan titi. Ya fito fili ya ƙi shirin, ANDP ta shiga ƙawancen FDD na jam'iyyu da ƙungiyoyin da ke kare dimokuraɗiyya.

Ran Lahadi 14 ga Yuni 2009, kwana biyu bayan hukuncin kotun, dubban mutane suka fito gangami a Yamai. Djermakoye yana cikin shugabannin da aka shirya za su yi jawabi. Kafin ya kai ga yin magana ya yanke jiki ya faɗi. An garzaya da shi asibiti, a can rai ya yi halinsa. An yi masa ban-kwana na ƙasa a Yamai, Tandja na cikin mahalarta, sannan aka kai shi Dosso aka yi masa sutura.

Bayan rasuwarsa

Mutuwarsa ba ta tsayar da tazarce ba. A ƙarshen watan Yuni Tandja ya ɗauki iko na musamman ya rusa Kotun Tsarin Mulki. An yi ƙuri'ar raba gardama ran 4 ga Agusta, 'yan adawa suka ƙaurace, CEDEAO ta dakatar da Nijar a watan Oktoba. Ran 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kutsa fadar shugaban ƙasa suka kama Tandja. Na ƙarshe daga cikin hafsoshin 1974 da ya riƙe mulki ya fita ta ƙofar da suka shigo.

Jam'iyyar ANDP ta koma hannun ɗan'uwansa, Moussa Moumouni Djermakoye, shi ma tsohon kanar, ta goyi bayan Issoufou a zaɓen 2011. Ba ta sake kaiwa matsayin da ta taka a 1993 ba.

Abin da Adamou Moumouni Djermakoye ya bari ya fi ƙarfin jam'iyyar. Nijar ta ga hafsoshi da yawa da suka cire kaki suka shiga siyasa, galibi suna kan kujerar mulki suka shirya zaɓen da za su ci. Shi daga ƙasa ya fara, bayan ya sha kaye a cikin jam'iyyarsa. Daga 1991 har rasuwarsa ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa sau huɗu, kotu ta soke zaɓensa sau ɗaya, an rusa majalisa yana cikinta fiye da sau ɗaya, kuma duk lokacin da hakan ta faru akwatin zaɓe ya koma. Ana iya kama shi da 1974, ana iya kama shi da 1996. Amma a 2009, da aka zo zaɓi tsakanin tsohon aboki da dokar da ta ce wa'adi biyu ne, dokar ya bi.

Allah ya jiƙansa da rahama.